Sandar Golf a Maƙerar Malam Rabo

Malam Rabo maƙeri ne a Ruwan Godiya, ɗan maƙeri, jikan maƙeri, kuma mutum ne da bai taɓa yarda akwai ƙarfen da zai gagare shi ba. Ƙane ɗaya gare shi, Sanusi, uwa ɗaya uba ɗaya. A shekarun da kuɗin mai ya ɓalle a ƙasar nan, lokacin da duk mai takalmi sau-ciki ya zama ɗan kwangila, Sanusi ya ajiye masaba ya tafi Kaduna. Ya dawo Alhaji, da farar Fijo da haƙorin Makka. In ya zo, a ƙofar gida yake tsayawa ya gaisa, ya miƙa abin da zai miƙa, ya juya. Shekara shida ƙafarsa ba ta taka cikin maƙera ba.

An kuma kawo wa Rabo labari cewa a Kaduna, in aka tambayi Alhaji asalinsa, cewa yake yi su manoma ne. Ba ƙarya ya yi ba, suna noma. Amma maganar ta tsaya wa Rabo a ƙirji. Bai san ko har yanzu yana da ƙane ba, ko kuwa Alhaji kawai yake da shi.

Wata Alhamis da hantsi sai ga Fijo ta tsaya, ba a ƙofar gida ba, a bakin maƙera. Sanusi ya fito da wata doguwar sanda mai ƙyalli, ya tattare babbar riga, ya sunkuya ya shigo. Daga Sabuwa yake, wajen duba aikin kwalbati, kuma hanyar nan da kowa ya san halinta ta jijjiga motar har jak ɗin ɗaga mota ya faɗo wa sandar a cikin but.

"Yaya, taimako na taho nema," in ji shi bayan sun gaisa. "Wannan fota ce, ta wasan golf. Ka ga wuyanta ya lanƙwashe. Jibi Asabar ina da wasa da wasu manya, kuma babu inda zan samu irinta kafin nan. Naira tamanin na saye ta, daga Ingila aka kawo. Wuyan kawai za ka miƙe mani."

Rabo ya karɓa da hannu biyu. Bai san mene ne golf ba, kuma da ya tambaya gara ya haɗiye garwashi. Yau ƙanensa ya shigo maƙera da buƙata, shi ne zai fara da nuna ƙauyanci?

"Ka tafi harkokinka," ya ce. "Kafin la'asar na ida."

Da motar ta nufi Faskari, Rabo ya ture fartanyoyin mutane gefe, ya zauna yana jujjuya sandar. Ƙotar ƙarfe ce siririya, an naɗe mariƙinta da baƙar fata, a ƙarshenta kuma wani guntun farin ƙarfe a gicciye, tsawon tafin hannu. Ya kunce kan, ya ba wuyan wuta kaɗan-kaɗan, ya lallaɓa shi da ƙaramar masaba har ya miƙe sak. Kafin azahar aiki ya ƙare. Da a nan ya tsaya, da babu labari.

Amma ya shafa bakin ƙarfen da babban yatsa, ya ji shi a dakushe. Ba dakushewar aiki ba ma, tun farko ba a yi masa baki ba. Ran Rabo ya ɓaci. Kuɗin buhun gero huɗu ko biyar, a sayar wa ƙanensa abin da ba a gama ƙerawa ba! Su kuwa a gidansu, tun zamanin kakansu, duk ƙarfen da ke da ƙota ba ya fita maƙera sai da kaifi, ko mai shi bai ce ba. Wannan shi ne gyaran da suke yi wa mutane, kamar yadda mai awo ke ƙara ɗan tsaba a kan tiya.

Ya ɗauko magagari.

Matarsa Larai ta kawo masa fura, ta tsaya tana kallo. "Malam, ni kau na ji kamar wuya aka ce."

"Ke mi kika sani game da kayan Ingila?"

"Daidai da abin da ka sani," ta ce, ta ajiye ƙwarya ta koma cikin gida.

Bai taɓa yi wa ƙarfe baki mai kyau irin na ranar ba. Da ya gama ya gwada a kan karan dawa, ya raba shi biyu ba gardama.

Sanusi ya dawo bayan la'asar. Rabo ya miƙa masa sandar yana ƙoƙarin ɓoye murmushi. Sanusi ya dubi wuyan, ya dubi bakin, ya daɗe yana duban bakin. Sai ya sauke numfashi.

"Ba komai, Yaya. Sannu da aiki. Sai in aika a kawo wata."

Nan Rabo ya gane ya yi ɓarna. Kuma wallahi da faɗa Sanusi ya yi, da ya fi masa sauƙi. Ƙane yakan yi wa wansa tsiwa. Wannan ladabin kuwa irin wanda ake yi wa baƙo ne, kuma ga shi har ya fara laluben makullin mota.

"Dakata," in ji Rabo. Kunya ta riga ta kama shi, babu sauran abin ɓoyewa. "Ban san aikinta ba, kuma girman kai ya hana ni tambaya. Nuna mani."

Sanusi ya je mota ya ɗauko wata farar ƙwallo, ba ta fi ƙwan zabo ba. Ya haƙa ɗan rami a dandaɓaɓɓen filin gaban maƙera, ya ja baya taku biyar, ya sunkuya, ya ɗan taɓa ƙwallon da gefen ƙarfen. Gefen nan Rabo ya riga ya zaftare shi, don haka ƙwallon ta yi tsalle ta shige ƙarƙashin buhun gawayi.

"Ka gani? Fuskar a shafe ake son ta. Tura ƙwallo take yi cikin rami."

"Shi ke nan aikinta?"

"Shi ke nan."

Rabo ya ɗauko doguwar masaba mai shafaffen kai, ya tura ƙwallon. Ta wuce ramin da kamu guda. Ya sake, ta tsaya a hanya. Sanusi ya kasa haƙuri, ya karɓi masabar, ya cusa gaban rigarsa tsakanin gwiwoyi, ya auna, ya taɓa. Ƙwallon ta gangara a hankali ta faɗa. Dariya ta kufce masa, irin wadda Rabo ya manta yana da ita.

"To, Alhaji, ina naira tamanin ɗin ta shiga? Ga masaba ta yi."

"Gaskiya, Yaya, rabin abin a hannu yake. Nauyin kan da daidaiton fuska, su ne na ƙarfe, kuma ba su kai kuɗin ba. Sauran na idon mutane ne. A can kafin a dubi bugunka, an dubi abin da ke hannunka."

"In don nauyi da fuska ne, ina da sifirin mota. Ka kwana, gobe in ƙera maka kai sabo in ɗora bisa ƙotar nan. In kuma don idon mutane ne, ba ni da wannan ƙarfen."

Sanusi ya dubi mota, ya dubi wansa. Ya ce zai kwana.

Washegari tun da sassafe suka fara. Dole Sanusi ya zauna kusa da wuta, don shi kaɗai ya san nauyin da ake nema. Sau uku ana rage ƙarfen yana ɗagawa yana girgiza kai. A na huɗu ya lilo da sandar ya ce ta yi. Rabo ya goge fuskar har tana ɗaukar ido. Ba ta kai ta Ingila kyau ba, mai gaskiya ba zai ce ta kai ba, amma ƙwallo biyar Sanusi ya tura, huɗu suka shiga.

Saura abu ɗaya. Kowane ƙarfe da aka ƙera a gidan akan buga masa ɗigo uku da bakin ƙusa, alamar da duk manomi daga Mairuwa zuwa Sabuwa ya sani. Rabo ya ɗauki ƙusar, ya riƙe ta bai buga ba.

"In sa mata alamar gidanmu, ko in bar ta haka nan?"

Sanusi ya dubi ƙusar. "Sa," ya ce. "Amma ta ƙasa, inda ke taɓa ciyawa."

Rabo ya ji abin har cikin ransa. Ta ƙasa, inda ido ba ya kaiwa. Ya kifa kan sandar a kan uwar maƙera, ya saita ƙusa, sai dai bai ɗaga masaba ba.

Sanusi ya lura. Ya miƙa hannu ya ɗauko tsohon kan da aka lalata, ya juya gindinsa. Akwai ragowar wasu haruffan boko da magagari ya ci rabinsu.

"Ka ga nan? Sunan maƙerin Ingila ne. Nan ake sa shi. Duk wanda ya karɓi sandarka a filin golf, juya ta yake fara yi ya ga wa ya ƙera. Gobe sai sun juya wannan, kuma sai sun tambaya."

"In sun tambaya ka ce mi?"

"In ce wana ne. Buga da kyau, Yaya, yadda za ta fito."