Ƙunshin Yaya Salamatou

A shekarar da fari ya cinye lambunan Iferwan, gidan Biba da ke unguwar Dagmanet ya cika. Yayarta Salamatou ta sauko da 'ya'yanta bayan rijiyarsu ta ƙafe, bijimin da ke jan guga ya mutu, maigidanta kuma ya nufi Libiya neman abin yi.

Biba ba ta taɓa jin daɗin rana kamar na lokacin ba. Da an yi azahar sai a shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin rumfa. Mijinta Lawali ya ajiye ɗinkin takalmansa ya hura gawayin shayi, yara su baje suna barci, ita da yayarta su kishingiɗa suna tonon tsofaffin labarai har inuwa ta kai bakin garu. Tuwon jar dawar taimako ake ci, amma Biba tana kai shi gaban baƙi kamar ta yanka rago.

Sai dai Salamatou mace ce mai zuciya. Tana ganin yadda ƙanwarta ke karkaɗe buhu, kuma ta ji cewa sojoji sun buɗe sansanin masu gudun fari a bayan gari, motarsu tana kwasar mutane da la'asar. Ran nan da hantsi Biba ta tarar da ita ta ɗaure kayanta.

"Yau za mu tahi," in ji Salamatou. "Baƙo raɓa ne, Biba. Ba ni zama in cinye maku abinci."

Biba ta dubi kayan. 'Yar uwarta ciki ɗaya a layin koko, ita tana da rumfa? Amma ta san yayarta: in ka roƙe ta, ka ƙara mata gudu.

"To, Yaya, Allah shi kiyaye," ta ce. "Amma ba ki hita gidana da ƙafa fara fat, a ce ban san darajar baƙo ba. Zauna in yi maki ƙunshi."

Ta ɗebi ruwan da aka yi wa layi tun asuba a famfo, ta kwaɓa lalle ba tausayi. Ta shafa a ƙafafun Salamatou, ta naɗe da tsumma, ta zura mata hannu a zunguru. Komai a hankali take yi, tana ƙorafin wai wannan lallen ba ya kamawa da wuri. Lawali ya dubi kwanon, ya dubi matarsa, ya sunkuyar da kai yana ta fifita wuta. Bai taɓa jan shayi kamar na ranar ba.

Iska ta ɗan motsa. Hira ta koma kan mahaifiyarsu da rumman ɗin lambunta, Salamatou ta yi dariya har da hawaye, daga nan barci ya fara fizgarta.

Ana kiran la'asar aka ji odar motar sojojin daga bakin hanya. Salamatou ta zabura za ta miƙe, sai ta ga ƙafafunta a ɗaure kamar ƙullin goro. Mace mai ƙunshi ina za ta? In ta kwance yanzu, ta shiga cikin jama'a da ƙafa dabbare-dabbare.

"Biba," ta ce, "da gangan kika yi."

"Da gangan na yi, Yaya. Gidan ƙanwarki ne. In tuwo ya ƙare mu sha ruwa tare."

Motar ta sake yin oda. Biba ta zuba mata ido, domin ta san in zuciyar yayarta ta tashi, tana iya tsinke tsumman ta fita haka nan. Salamatou ta daɗe tana duban ƙofa, ta dubi 'ya'yanta da ke barci cikin na Biba. Sannan ta koma ta kishingiɗa, ta miƙo ƙafa ɗaya.

"Ke kam ba ki iya aiki ba har yanzu," ta ce. "Ƙara ɗaure na hagun nan, ya saki."