Igiyar Magini a Ɗakin Karatu

Shekara talatin da ɗaya yana gini. Bangon da ya ɗora ba ya karkata. Rana ɗaya ya sunkuya zai ɗauki bulo, bayansa ya ce ƙas. Likita ya duba hoton ƙashi ya ce, "Baba, ka sake ɗaukar nauyi, a keke za a riƙa tura ka."

Wata bakwai yana kwance yana kallon rufin ɗaki. Surukinsa, mijin 'yarsa, ya aiko cewa akwai ɗaki a bayan gidansa, su tattaro su dawo. Magini ya ce gara a binne shi da ransa.

'Yarsa ce ta ga sanarwa: ɗakin karatu na jama'a yana neman ma'aikaci. Magini ya iya karatu, ko a wurin gini da jarida yake hutawa. Aka ɗauke shi gwajin wata uku. In ya ci, aiki nasa ne. In ya faɗi, sai ɗakin suruki.

Shugabar wurin, wadda kowa ke kira Malama, sa'ar 'yarsa ce. Ran farko ta nuna masa 'yar farar takarda da ke manne a bayan kowane littafi, ga lambobi, ga ɗigo, ta zuba bayani da sauri.

"Ka gane, Baba?"

"Na gane."

Bai gane ba. Amma wanda ya yaye magina arba'in ba zai ce wa yarinya ta maimaita ba.

Sati goma yana buga hatimi, yana kakkaɓe ƙura, har ƙafar tebur ya gyara. Jera littafi kuwa Malama ke yi. Kantocin littattafan nan suna ci masa rai. Dogo kusa da gajere, mai kauri kusa da siriri, kamar haƙoran tsoho. Da leburansa ne ya yi haka, da tuni ya kore shi.

Sai Malama ta tafi taro na kwana biyar, ta bar masa makulli. Ya zo da igiyarsa da ƙusa biyu. Ya ja igiya daga wannan gefen kanta zuwa wancan. Manya a ƙasa, su ne harsashi. Matsakaita a tsakiya. Ƙanana a sama. Littafi dubu huɗu, kowane sahu ya miƙe ɗoɗar. Ya ja da baya ya duba, ya ce a ransa, aikin nan ya zama nasa.

Ran Litinin Malama ta shigo ta tsaya cik. Mai Tabarau, wani tsoho da ke zuwa kullum karanta littafin kiwon zuma, ya tare ta.

"Gara da kika dawo. Kwana huɗu ina neman littafina. Na tambayi injiniyanki, ya ce in faɗa masa tsawonsa!"

"Baba, me ka yi?"

"Na daidaita."

Ta zauna. Ta jawo akwatin katunan littattafai ta zaro ɗaya. "Lambar nan ita ce ke faɗin inda littafi yake. Yanzu ka nemo mini wannan."

Ya karɓi kati. Ya dubi bangon da ya gina. Ya yi kyau, kuma babu ta inda zai fara.

"Ran Juma'a zan rubuta rahoton gwajinka," in ji ta. "Me zan rubuta?"

Ya ga ɗakin bayan gidan suruki, har da 'yar tagarsa. Ya dubi Malama.

"'Yata. Maimaita mini. A hankali."

Ta maimaita. Ƙaramar lamba kafin babba, bayan ɗigo ma haka, daga hagu zuwa dama. Abin bai kai ɗora kusurwa wuya ba. Wannan ne ya fi ƙona masa rai.

"Ni ina kan teburin karɓar jama'a, ba zan rufe wa jama'a ƙofa ba," ta ce. "Na ba ka zuwa Juma'a ka mayar da su."

Ya fara rushewa. Manyan da ya sa a ƙasa, wasu gurbinsu can sama ne. Ya hau tsani, ya sauko, ya hau. A gida matarsa tana gasa masa baya da ruwan zafi.

"Baban yara, likita fa ya ce ban da nauyi."

"Takarda ce."

"Takardar ce ta sa kake tafiya a karkace kamar ƙaguwa?"

"Gasa kawai."

Ran Alhamis da la'asar, yana kan tsani da wani ƙaton littafi, bayan ya riƙe. Ya sulalo a hankali ya zauna a ƙasa. Ya yunƙura, ƙafa ta ƙi. Bango guda cur ya rage.

Mai Tabarau ya leƙo. "Injiniya, in kira mota?"

"A'a. Ajiye sandarka. Zan miƙo, ka sa inda na ce."

"Ni ne maginin ke nan?"

"Kai ne. Kada ka yi surutu, ɗakin karatu ne."

Shekara talatin da ɗaya ana miƙo wa Magini yana ɗorawa. Yau shi ke ƙasa yana miƙawa, yana karanto lamba, haƙora a cije.

Ran Juma'a matarsa ce ta riƙo shi har ƙofa. Kantoci uku ba su ƙare ba. Malama ta zaro kati goma ta miƙa masa. Daga kan kujera ya nuna mata bakwai. Uku suna cikin tulin da ke ƙasa.

Ta daɗe tana rubutu.

"Ban ce ka ci ba, Baba. Na roƙi shugabannina a ƙara maka wata ɗaya. Ban sani ba ko za su yarda."

Ya gyaɗa kai. Ya dubi kantocin, dogo kusa da gajere, babu sahu ɗaya da ya miƙe. Ƙusarsa na nan a gefe, igiya na reto.

"Cire mini waccan," ya ce wa matarsa. "Sannan ki turo mini tulin nan kusa."