Ƙashin da Rahmatu Ta Tono

A shekarun farin nan da gero yake tsayawa iya gwiwa ya bushe a tsaye, rafinmu da ke arewa da Makoɗa ya koma yashi zalla. Mata kan fita da ƙwarya da sakaina su tona rami a tsakiyarsa, su zauna jiran ruwa ya tsattsafo. Kowace shekara kuwa sai ramin ya ƙara zurfi.

Mutum guda wannan bushewa ta yi wa rana, shi ne Dallatu. Da can masunci ne. Da kifi ya ƙare bai bar rafin ba, sabo turken wawa. Sai ya koma bin gaɓa yana tsintar wasu duwatsu masu siffar abin da ya taɓa yin rai: katantanwa da ta zama dutse, guntun itace da gatari ba ya kama shi, haƙora baƙaƙe wuluk. Ya jera su ƙarƙashin rumbunsa, rumbun da ko ɓera ya daina leƙawa. Yakan karɓo ƙasusuwa wajen mahauta ya riƙa gwadawa, ya ce wannan gaɓar bayan kada ce, wannan ta kifi ce, wannan kuwa ban san shi ba. Samari in sun gan shi sai su ce, "Baba Dallatu, yau da wace miya za a ci dutsen?" Amma ba wanda ya taɓa kama shi da ƙarya. In bai sani ba, cewa yake bai sani ba.

To, akwai Rahmatu matar Yuguda. Mijinta ya ɓace tun ambaliyar ƙarshe da rafin ya yi kafin fari. Ya tafi kasuwa da jakinsa, ruwa ya sauko da yamma, jaki ya dawo gida shi kaɗai. Ba a ga gawa ba. Ƙanensa Sule ya riƙe gonar, wai amana ce har mai ita ya dawo, kuma kullum akwai wani direba da ya ce ya ga mai kama da Yuguda a kudu. Ba gawa, ba gado. Rahmatu da 'ya'yanta mata, Hussaina da Sakina, suka koma cin tafasa da dusa, suna kallon gonar ubansu ta saman danga. Da an tabbatar ya mutu, da an raba, da ta jinginar da rabonsu sun ga bayan yunwar.

Wata safiya tana tonon ruwa, daidai inda ake ƙetarewa zuwa kasuwa, sakainarta ta ci karo da ƙashi. Dogo ne, mai dunƙulallen kai, kamar na cinyar mutum. Ta naɗe shi a mayafinta ta kai ƙofar mai unguwa tana kuka. Ina wurin, a kan tabarmar da ke kusa da ta liman.

Liman ya duba ya ce, "In na ɗan Adam ne, a wurin da bawan Allah ya ɓace, sai mu suturta shi mu kai magana gaban alƙali."

Sule ya ce, "Haba matarmu, kin gaji da jiran ne har kika je kika tono mana miji a yashi? Wannan ai ko na jaki ne."

Rahmatu ta ce, "Jakin ai ya dawo, Sule. Kai ka sayar da shi."

Mai unguwa ya ce a kira Dallatu, tun da shi ya san ƙasusuwan rafi.

Rahmatu ba ta jira ba, ta bi hanya ta tare shi a bakin turba. Hussaina ce ta faɗa mini abin da uwarta ta ce, bayan ta girma. Ta durƙusa ta ce, "Baba, ban ce ka yi ƙarya ba. Ka saba cewa ba ka sani ba. Yau ma ka faɗi hakan, liman zai ƙarasa sauran." Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Dallatu ya wuce ta, ya nufi ƙofar mai unguwa.

Ya iso da babbar riga. Tun da nake ban taɓa ganinsa da ita ba sai ranar idi. Ku tuna, mutumin nan ya tsufa ana yi masa dariya, yau ga mai unguwa da kansa ya aika a kira shi saboda duwatsunsa. Aka matsa masa wuri a tabarma.

Ya ɗauki ƙashin ya jinjina shi a hannu. Na ga fuskarsa ta sake, kamar wanda aka yi wa albishir. Ya zaro wuƙa ya ƙwanƙwasa shi da ƙeyarta, ya yi ƙara ƙal, kamar an bugi tasa. Ya sa aka kawo garwashi ya kara gefensa. Ba hayaƙi, ba ƙauri. Ya ce, "Ƙashin da bai daɗe ba in ya ji wuta sai ya yi ƙauri, ku tambayi mahauta."

Ya ɗaga kai, idonsa ya faɗa kan Rahmatu, tana raɓe jikin danga da Sakina a cinya. Wallahi na zaci zai ce "ban sani ba". Kalma uku ce kawai, ya kuma faɗe ta a kan abin da bai kai wannan ba.

Sai mai unguwa ya ce, "Malam Dallatu, muna sauraronka."

Malam. Ba a taɓa kiransa haka ba.

Ya gyara zama ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan ba Yuguda ba ne. Ba ma mutum ba ne. Ƙashin wata dabba ce da ta kwanta a nan tun kafin a san za a yi gari, har ya zama dutse. Ku dubi kaurin kan nan." Ya shiga bayani, yana juya shi, yana nuna wa wannan yana nuna wa wancan. Bai ga lokacin da Rahmatu ta tashi ba.

Sule ya ce, "Allah Ya yi maka albarka, Baba. Gaskiya dai ɗaya ce."

Gaskiya ce, ban musa ba. Ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi. Amma ba cikin Dallatu aka huda ba. Kafin damina Sakina ta kumbura ta rasu. Rahmatu ta ɗaure 'yan komatsanta, ta riƙe hannun Hussaina, suka nufi Watari ƙwadagon tsinkar tumatir a gonakin mutane. Ba ta yi sallama da kowa ba.

Dallatu ya nemi a ba shi ƙashin, ya ce bai taɓa samun irinsa ba. Sule ya hana, ya ce a hannun matar wansa aka same shi, na gidansu ne. Ya kai shi gonar Yuguda ya kafa a kusurwar gabas, inda gamban iyaka ya mutu. Ya ce tun da dutse ne, to ya yi aikin dutse.

Hanyar rafi ta nan ta bi. Har Dallatu ya bar duniya, duk sanda zai wuce sai ya zagaya ta bayan maƙabarta. Yuguda bai dawo ba. Jikokin Sule ne suke noman gonar yanzu, kuma in garmarsu ta zo kusurwar gabas sukan ɗaga ta, kada dutsen ya karya mata baki.