Ƙararrawar Keken Baba

Mutanen yanzu ba sa gyara, sai dai su yar. Tela ba ya cikinsu. Ya jawo keken hawa na marigayi mahaifinsa daga bayan ɗaki, ya kankare tsatsa, ya sa sabuwar sarƙa, ya shiga tseren da ake yi a hanyar tsakuwa.

Ƙaninsa ya ce, "Yaya, cire ƙararrawar nan mana, wa za ka kaɗa wa a daji?"

"Inna. Tana jira a wurin ƙarewa, kuma idonta ba ya gani. Da ita za ta san na iso."

Da aka fara tseren, matasa suka wuce shi fuu. Tsakuwa na feshin ƙafafunsa, sirdi na jijjiga shi, shi kuwa sai dariya yake. A wata gangara murfin ƙararrawar ya kwance ya faɗi. Ya ja birki, ya sauka, ya yi ta lalube cikin tsakuwa har ya gan shi, ya mayar.

Shi ne na ƙarshe. Yana kaɗa ƙararrawa Inna ta miƙe tana tafi.

"Ga keken Malam nan. Ai shi ma bai taɓa dawowa gida da wuri ba."