Kofi Mai Jan Salatif

"An hana," in ji kwamfutar. Injiniya ta gyara zama a ɗakin na'urori na asibitin, ta ja mayafinta saboda sanyin AC, ta ci gaba da kallo kamar mai jiran tukunya ta tafasa.

Aikin da hukumar asibiti ta ba ta shi ne ta rubuta wa manhajar rumbun bayanai doka. Manhajar ita ke riƙe da fayil ɗin kowane majiyyaci, kuma a da baiwar Allah ce, duk mai mabuɗi ya aike ta sai ta tafi. Yanzu Injiniya ta shata mata iyaka layi bayan layi: wannan foldar ki karanta, waccan ki rubuta, sauran ko leƙe ban da. Abin da ya fi yi mata daɗi, dokar ba ta san babba ba. Da safen nan ta kunna ta.

Babban kuwa shi ne Oga, shugaban sashen kwamfuta. Bara da Injiniya ta yi gwajin jini a nan asibitin, shi ya sa manhajar ta kwafo sakamakon ta zuba masa a foldarsa. Ciwon hanta ne. Kafin ita ta ga likita, ya tare ta a kicin ɗin ofis gaban mutane.

"Sannu da jiki, Injiniya," ya ce, har da langaɓe kai.

Washegari ta tarar an naɗa wa kofinta jan salatif, an ware shi can ƙarshen kanta. Maganar ta bi bakin direban asibiti har gida, matar yayanta ta daina ba ta jariri ta ɗauka. Injiniya ba ta yafe ba, ba ta ma yi ƙoƙarin yafewa ba. Ta bar salatif ɗin a jikin kofin da gangan, kullum ta sha shayi sai ta tuna.

"An hana," kwamfutar ta sake cewa.

Ta duba abin da aka hana. Wani ne ke matsa wa manhajar ta zuba fayil a foldar Oga. Mai hali dai! Shi kuma yana da ɗabi'ar sa wa fayilolin da ya kwaso sunan masu su, don haka ta matso ta ga wane bawan Allah za a tona yau. Sunan fayil ɗin kalma ɗaya ce: nawa.

Ba ta gama haɗiye dariyarta ba ƙofa ta buɗe. Oga ne, goshinsa na naso duk da sanyin ɗakin, ga ƙaramar auduga manne a gwiwar hannunsa.

"Ke, wannan abin naki ya toshe min aiki. Kashe shi."

"Wane aiki, Oga?"

"Aikin ofis mana."

"To rubuto min sunan fayil ɗin da dalili, in kai wa Daraktan asibiti ya sa hannu. Haka sabon tsarin yake."

Ya dubi kwamfutar, ya ga kalmar nan tsaye a tsakiyar allo, ya dube ta. Muryarsa ta sauka.

"Ƙanwata, minti biyu kawai. Likita ya ce sai jibi zai gan ni. Wallahi ko abinci na kasa ci."

Yau kuma ita ce ƙanwa. Layi ɗaya za ta ƙara ƙofar ta buɗe masa, ta san haka, shi ma ya sani.

"Jibi ai kamar gobe ne," ta ce. "Ni a kicin na ji nawa."

Ya murza audugar da yatsa.

"Kin... kin buɗe?"

Gaskiya ba ta buɗe ba. Dokar da ta hana shi ita ma ta hana ta, haka ta rubuta ta tun farko, don ba ta son ta zama irinsa. Ba ta san ko ciwo ne da shi ko lafiyarsa lau ba. Kalma ɗaya za ta faɗa ya samu ya yi barci. Ta kalle shi kawai, ta sauke ido a hankali, ta koma kan aikinta.

Da rana kicin ya cika, ma'aikata na ta hayaniyar ɗumama abinci. Oga ya shigo yana bin fuskokin mutane ɗaya bayan ɗaya, yana neman wanda ya ji. Ba wanda ya kula shi. Ya miƙa hannu zai ɗauki kofinsa, sai ya ga mai jan salatif an dawo da shi daga ƙarshen kanta, an jingina shi da nasa.

Injiniya na bakin famfo tana wanke cokali. Ta juyo, ta langaɓe kai.

"Sannu da jiki, Oga."

Ma'aikata suka juyo gaba ɗaya suna kallonsa.