Fili a Kan Rijiya ta Uku

Ƙauyen gida goma sha ɗaya ne, in an haɗa da shagon mai facin taya da ke bakin titi. Daga kan tudu ya faro ya gangara har fadama, layi ɗaya, ba lungu ba kwana. Baƙo kan ɗauka wani mai ilimi ne ya tsara shi haka, alhali ruwa ne. Kakan wani tsoho da ake kira Mai Rijiya ne ya fara haƙa rijiya a kan tudun don matafiya masu shiga birni, ya kafa bukka a gefe. Da rijiyar ta ƙafe aka gangara aka haƙa wata, gidaje suka bi ta, har sau bakwai. Duk wadda ta mutu sai a cike ta da ƙasa da tarkace, a dasa lemo a kai don na baya su san ba wurin gini ba ne. Ba a taɓa rubuta wannan a ko'ina ba, don ba wanda ya zaci za a manta.

A da, birni tafiyar rabin yini ce. Yanzu daga ƙofar gidansa Mai Rijiya yana hango tankunan ruwan sababbin unguwanni. Famfo ya zo ya raba shi da sana'a, birni kuma ya haɗiye 'ya'yansa biyar. Shi ya sa ranar da Auta, wanda ke tuƙa motar haya, ya ce zai dawo ya yi gini a filin da ke jikin katangarsu, tsohon ya kasa cin abinci don murna.

Filin kuwa yana da tsohon lemo a tsakiya. Mai Rijiya yana zaune a kan benci aka sare lemon. Bai hana ba. Ba su da wani filin, kuma ya san matar Auta ta fi son unguwar da suke haya. Sai ya shiga lallashin kansa: shekara sittin da cike rijiyar, ai ƙasa ta daɗe da zaunawa. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa a cikin rami ya fi kowa sanin wannan ƙarya ce, amma da ita ya yi sati biyu.

Ranar Asabar da safe magini ya zo da turaku da igiya, yana aunawa Auta yana riƙe masa. Da suka zo daidai kututturen, magini ya buga turke ya ce, "Nan ɗakin yara ne."

Mai Rijiya ya tashi a hankali, saboda gwiwa. Ya zaro rodi ɗaya daga cikin waɗanda aka sauke, ya soka a gefen katanga, ya ƙi shiga. Ya dawo gindin kututturen ya danna da hannu ɗaya, ƙarfen ya nutse har rabinsa.

"Rijiya ce," ya ce. "Ta uku. Gaba tara zurfinta."

Auta ya dubi rodin ya dubi uban. "Baba, tun yaushe ka sani?"

"Ni na riƙa ɗauko wa mahaifina ƙasar da aka cike ta."

"Kana zaune fa aka sare lemon nan."

"Ina zaune." Kunya ta kama shi, irin wadda bai taɓa ji a gaban ɗansa ba. "Tsoro nake ka fasa. Son kaina ne ya yi min yawa."

Magini ya sosa ƙeya ya ce ana iya zuba kankare, amma shi ba zai kwantar da nasa 'ya'yan a kai ba. In kuma aka kauce wa ramin, abin da ya rage ko kejin kaji ba zai ɗauka ba. Auta bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi sauƙi. Ya sunkuya ya fara naɗe igiyar a hannu.

Tsohon ya juya ya dubi nasa ɗakin ta saman katanga. A ciki aka haife shi, a ciki ya yi jinyar mahaifinsa, kuma shi kaɗai ya san abin da ke ƙarƙashinsa.

"Malam magini, zo ka auna nan. Daga ɗakina zuwa zaure dutse ne, taku biyu za ka haƙa ka same shi. Babu ƙasa irinta a ƙauyen nan. Ku rushe."

Auta ya tsaya da naɗin. "Haba Baba. Kai kuma ina za ka zauna?"

Mai Rijiya ya nuna kututturen da haɓa.

"Ku kafa min rumfar kwano a nan. Ba ta da nauyi, ni ma yanzu ba ni da shi."