Baƙin Fenti a Kan Tuta

Kwana tara da ɓallewar madatsar ruwan ƙasar maƙwabta, motarsu ta hayo gadar iyaka da buhun shinkafa ɗari huɗu. Gwamnatocin biyu sun shekara ba sa ga-maciji, an rufe iyaka, an kori jakadu. Don wannan mota kaɗai aka ɗage ƙarfen gada, bayan an yi mako ana musayar wasiƙu.

Mai Sito ne ya karɓi kayan a makarantar firamaren da aka tsugunar da mutanen da ruwa ya ci gidajensu. Shekara ashirin da shida yana aikin gwamnati, bai taɓa ce wa na sama da shi a'a ba, abin da ya tara kuwa shi ne tumbi da hawan jini. Yana cikin jera buhunan a aji uku sai ga Darakta ya shigo, ya tsaya yana kallon tutar maƙwabta da aka buga a jikin kowane buhu.

"Jibi Minista zai zo da 'yan jarida. Kana so a ɗauke shi hoto yana rungume da tutar mutanen nan? A shafe."

"Ranka ya daɗe, ɗari huɗu ne fa."

"Na iya ƙirga. A shafe, na ce."

Gwangwani biyu na baƙin fenti aka ba shi. Kafin ya kai buhu na sittin ya ga ba za su isa ba, sai ya tsinka fentin da kananzir. Ya ji daɗin wannan dabara ƙwarai, har ya so a ce akwai wanda zai yaba masa.

Minista bai zo ba. Direban motar, wani dogon mutum mai yawan dariya, ya maƙale a sansanin, don ba zai koma ba sai da takardar shaidar karɓa, takardar kuma Minista kaɗai ke sa mata hannu. A ƙarƙashin motarsa yake shimfiɗa, kullum da safe ya dafa shayi ya ƙwala wa Mai Sito kira: "Kawu, zo ka sha, kada tumbin nan ya saɓe, a ce mu ne!"

Rana ta huɗu Darakta ya bugo waya ya ce a raba. Aka raba da hantsi. Kafin azahar yara sun fara amai.

Mai Sito yana ofishin hedimasta ya ji ihun. Ya leƙa ta taga, ya ga Mahauci, wanda ruwa ya tafi da rumfarsa da matarsa, yana tafe da 'yarsa a kafaɗa, kanta na lilo. Ya sauke ta a hannun wata tsohuwa, ya ɗebo shinkafa daga tukunya ya cusa wa mutane a hanci.

"Ku shinshina! Sun sako mana ruwa bai ƙarasa mu ba, yanzu sun aiko da guba!"

Direba ya fito daga ƙarƙashin mota yana ɗaure tazuge. Bai gama tambayar me ya faru ba dutsen farko ya same shi a goshi. Na biyu ya fasa gilashin mota. Wani ya ɓalle ƙafar benci ya maka masa a gadon baya, ya faɗi a kan gwiwa. Suka rufe shi. Matan da jiya suka sha shayinsa suna dukansa da murfin tukunya, wani tsoho mai ɗingishi ya samu ƙarfin harbi da ƙafar da yake ja. 'Yan sanda biyu da ke gadi suka tuna suna da aiki a bayan makaranta.

Mai Sito ya kira Darakta.

"Ranka ya daɗe, za su kashe direban. Fentin nan ne ya ratsa buhu."

"Wane fenti? Ni ban san wani fenti ba. Ka rufe bakinka, saura maka wata bakwai ka yi ritaya." Waya ta mutu.

Ya sake leƙawa. An jawo Direba ta ƙafa zuwa tsakar fili, fuskarsa ta zama jini da taɓo, hannunsa ɗaya ya lanƙwashe ta inda hannu ba ya lanƙwasa. Wani ya mirgino taya. Wani na tsiyayar mai daga tankin motar a cikin buta.

Mai Sito ya ja sakata ya kulle kansa. Ya zauna a kujerar hedimasta. Ya gaya wa kansa cewa shi mai hawan jini ne, likita ma ya hana shi hayaniya. Sai ya jiyo muryar, a shaƙe, kamar ta wanda ke magana daga cikin randa.

"Kawu! Kawu, gaya musu!"

Ya zagi kansa, ya zagi Darakta, ya zare sakatar. Ya shiga aji uku ya ɗauko gwangwanayen fenti da jarkar kananzir, ya fito yana haki. Sau uku yana magana ba wanda ya ji, sai da ya buga gwangwani a ƙarfen tuta.

"Ni ne! Ni na shafe tutarsu da wannan, kananzir ya ratsa. Shinkafarsu lafiya ta zo."

An riga an rataya wa Direba taya a wuya. Mahauci ya karɓi jarkar ya shinshina, ya shinshina tafin hannunsa, ya dubi Mai Sito.

"Baba, kai? Wa ya sa ka?"

Mai Sito ya buɗe baki. Shekara ashirin da shida suka tsaya masa a maƙogwaro. "Ni na sa kaina," ya ce.

Da gwangwanin aka fara, a baki. Ya ji haƙora sun zube masa a kan harshe kamar tsakuwa. Ƙafar benci ta sauka a haƙarƙarinsa, ta sake sauka. Yana ƙasa yana kare kai, abin da ya ba shi mamaki shi ne yawan takalman da ya gane, duk shi ya raba su makon jiya. Suna kansa ne tsohuwar nan ta ƙwala ihu cewa yarinya ta buɗe ido tana neman ruwa. Mahauci ya yar da sanda ya ruga, rabin taron suka bi shi.

Sauran ba su gama shawarar ko su ci gaba ba sai injin ya tashi. Ashe Direba ya cire tayar, ya ja Mai Sito da hannunsa mai lafiya ya tura shi gaban mota kamar buhu na ɗari huɗu da ɗaya, ya banke ƙofar makaranta. Duwatsu suka raka su har bakin titi.

A gada sojan maƙwabta ya leƙo, ya dubi Direba, ya dubi abin da ke kwance kusa da shi.

"Ina takardar karɓa? Wannan kuma wane ne? Ina fasfonsa?"

Direba ya tofar da jini ta tagar da ba gilashi.

"Kawuna ne. Ɗaga ƙarfen nan, asibiti za mu."

Mai Sito ya so ya yi bayani cewa shi ma'aikacin gwamnati ne, ba a ba shi izinin fita ƙasa ba. Bakin ya ƙi. Sojan ya ɗaga ƙarfen.